DUTSEN DALA KAFIN GANUWA: YADDA MUTANEN BARBUSHE SUKA TSARA GARINSU



Kwanakin baya wani ƙanena a nan unguwarmu ta Gidan Igwai ya kawo mini rubutunsa in duba masa. Ƙagaggen labari ne irin na mayaƙa da aljanu. Ya gina wani ɗan birni a kan tsauni, ya sa masa sarki da gimbiya da dakaru. Alƙalaminsa na da kaifi, ban raina ba. Amma da na kai babi na huɗu sai na tambaye shi: mutanen garin nan naka a ina suke ɗibar ruwa? Wa ke ƙera takubban da dakarun ke riƙe da su? In dare ya yi wa ke gadi? In mutum biyu suka yi rigima kan iyakar gona, gaban wa za su? Ya yi shiru, can ya ce shi dai abin da ya gani a fina-finan Turawa ya bi.

Ban ga laifinsa ba, domin da yawanmu haka muke. Abin da ya dame ni shi ne muna zuwa aro waje alhali rumbunmu cike yake. Ƙasar Hausa tana da nata garuruwan duwatsu, kuma akwai ɗaya da aka rubuta mana tsarinsa dalla-dalla, har da sunan mai gadin dare. Wannan gari shi ne na gindin Dutsen Dala, tun kafin a san wani abu wai shi birnin Kano. A kansa nake so mu tsaya yau.

Daga ina labarin ya fito?

Babban abin dogaro shi ne littafin nan na Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Ya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893, shi ya sa masana suke ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi daga tsofaffin takardu da waƙoƙin fada da abin da dattawa suka riƙe a ka. Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi ya buga a 1908. Fassarar Hausa kuma tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, aikin da Rupert East ya jagoranta a Zariya a farkon shekarun 1930. Shekarun miladiyya da muke gani a gefen sunayen sarakunan, kamar 999 da ake ba Bagauda, Palmer ne ya fitar da su ta hanyar lissafa tsawon mulkin kowane sarki yana komawa baya. Saboda haka ƙiyasi ne, a riƙe su da sassauci.

A nan akwai abin lura. Tsakanin zamanin da ake ba da labarinsa da zamanin da aka rubuta shi akwai shekaru kusan 900. Wanda ya rubuta Musulmi ne, ɗan birni, yana kallon kakannin da ba su san salla ba. Alamun haka suna nan a fili: ya ce a ranakun Idi biyu ake babban bikin tsafinsu, kuma cikin manyan Barbushe har da wani mai suna Ibrahim. Maguzawan wancan zamani ba su da Idi. Marubucin ya ɗauko kalandar da ya sani ne ya auna tasu da ita. Don haka littafin yana gaya mana abu biyu a lokaci guda: abin da aka tuna game da mutanen Dala, da yadda Kanawan baya suka so su fahimci asalinsu.

Sai dai ƙasa ma ta ba da tata shaida. Masu tona kayan tarihi sun sami ragowar matoyar tama a Dala, kuma gwajin da aka yi wa gawayin wurin ya nuna ana narka ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7 miladiyya. Ga kuma labarin baka na Abagayawa, da ke cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a kusa da Dala, ya zauna. Littafi da ƙasa da bakin dattawa duk sun haɗu a kan abu ɗaya: mutane sun daɗe a gindin dutsen nan, kuma ƙarfe na cikin abin da ya tara su.

Me ya sa dutse?

Duk wanda ya taɓa hawa Dala ya san ba wani ƙasaitaccen tsauni ba ne. Tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, na jan marmara, cikin 'yan mintuna ka kai ƙololuwa. Amma a ƙasa mai faɗi kamar faifai, ɗan tudu ma sarki ne. Wanda ke samansa zai hango ƙurar mahara tun daga nesa. A jikinsa akwai tama. A kusa da shi akwai ruwan Jakara da kurminsa, ga ƙasar noma kewaye. Sannan a imanin mutanen da, duwatsu irin wannan mazaunin iskoki ne, wanda ya san yadda ake shiri da su kuwa shi ke da bakin magana. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya ja hankali a kan wannan tun a wajen 1970, inda ya nuna cewa manyan biranen Hausa da dama a gindin irin waɗannan duwatsu suka tsiro, kamar Dala a Kano, da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau.

Ga darasi na farko ga mai ƙaga gari: mutane ba sa hawa dutse don ya yi kyau a hoto. Tsaro ne, ko ma'adini, ko ruwa, ko abin bauta. In garinka bai da ko ɗaya daga ciki, mai karatu zai ji a jikinsa cewa garin na takarda ne.

Mutumin da ke saman dutse

Littafin ya ce wani baƙo mai suna Dala, wanda ba a san asalinsa ba, shi ya fara gina gida a kan dutsen, ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu mata uku. Daga zuriyar babban ɗansa Garageje aka sami Barbushe. An siffanta Barbushe da ƙato, baƙi, maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Wannan kam zuzutawa ce irin ta tatsuniya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne irin ikonsa.

Barbushe ba ya karɓar haraji, ba ya zaman fada kullum, ba a ce ya ja runduna zuwa yaƙi ba. Ikonsa daga sani ya fito: shi kaɗai ya gaji asirin Tsumburbura. Wurin bautar wata itaciya ce da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga, akwai mai tsaronta dare da rana, kuma babu mai shiga ciki sai Barbushe. Ba ya saukowa daga dutsen sai ranakun biki. In lokacin ya yi, jama'a maza da mata za su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin Dala da yamma. In duhu ya yi sai ya fito tare da makaɗansa, a rankaya zuwa wurin bauta, a yi yanka, ya shiga shi kaɗai. In ya fito sai ya faɗa musu abin da zai auku a shekara mai zuwa.

Ku dubi wannan da idon mai nazarin mulki. Shugaban da ba a ganinsa sai sau biyu a shekara, kwarjininsa daga ɓoyuwarsa yake. Kuma wanda ke riƙe da labarin gobe, shi ke riƙe da shawarar yau: a yi shuka ko a dakata, a yi ƙaura ko a zauna. Har ƙararrawar gargaɗi suna da ita a nasu imanin. An ce in masifa na tafe, kurmin Jakara zai yi ƙara sau uku hayaƙi ya tashi, sai a yi yanka. In ƙarar ta lafa an tsira, in ta ci gaba to a shirya. Mu Musulmi mun san wannan shirka ce ta zamanin jahiliyya, Allah Ya yi mana tsari. Amma marubuci yana bukatar ya gane aikin da abin yake yi wa mutanensa, domin a ranar bikin nan ne ƙauyukan da ke warwatse suke zama al'umma ɗaya.

Kuma Barbushe ba shi kaɗai yake ba. Akwai manya a ƙarƙashinsa, kowa da inda yake zaune. Gunzago a gindin Goron Dutse, Gumbarjado a Fanisau, wasu a wasu tuddan. Wato garin Dala cibiya ce ta tarin unguwanni da ƙauyuka, kowanne da babbansa, abin bauta ɗaya ya ɗaure su.

Mutum goma sha ɗaya

Nan ne wurin da nake so kowa ya buɗe ido. Littafin ya lissafa shugabannin dangi goma sha ɗaya, ya ce su ne tushen Kano, kuma kusan kowanne da aikinsa aka ambace shi. Rubutun sunayen yakan ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu, amma ga su.

Gijigiji maƙeri ne. Maguji, wanda aka ce shi ne kakan Maguzawa, shi ke haƙo tama ya narka. Ku lura an raba aikin ƙarfe gida biyu: mai fitar da ƙarfe daga dutse daban, mai sarrafa shi ya zama fartanya ko kibiya daban. Wanda ya san sana'ar ne kawai zai yi wannan rarrabewa. Bugazau shi ke dafa giya, abin da biki da gayya ba sa yiwuwa sai da shi a wancan zamani. Hamburki mai magani ne, kowace cuta wurinsa ake zuwa. Ɗanbuntuniya shi ne mai gadin gari da dare. Tsoron Maje Sarkin Samari. Jandodo shugaban makaɗa, Asanni kuma uban mawaƙa da masu rawa. Baƙonyaƙi maharbi ne mai baka da kibiya. Awar yana aikin gishiri, kuma shi ne Sarkin Ruwa na ƙasar baki ɗaya. Sai Mazauda, wanda aka ce daga zuriyarsa Sarkin Makafi ya fito.

Ku sake bin jerin a hankali. Biyu na ƙarfe, biyu na kiɗa da waƙa, ɗaya na lafiya, ɗaya na ruwa da gishiri, ɗaya na abin sha, biyu na tsaro, ɗaya na matasa, ɗaya kuma an danganta shi da makafi. Wannan hoton ƙaramin gari ne da ya san abin da rayuwarsa ta rataya a kai. Samari suna da shugaba saboda su ne ƙarfin gayya, su ne kuma tushen fitina in an bar su sakaka. Makaɗa sun sami kujera biyu saboda a garin da ba a rubutu, ganga ita ce shela, waƙa ita ce ma'ajiyar tarihi. Kuma sana'a gado ce: kowane aiki gidan wani dangi ne, don haka rikicin sana'a rikicin dangi ne, auren ɗan maƙeri da 'yar makaɗi kuwa magana ce ta gari duka. Ga labari nan kwance ga mai so.

Yanzu ku dubi abin da babu. Babu alƙali. Babu sarkin kasuwa. Babu mai tara haraji. Babu marini ko masaƙi, alhali daga baya da tufafi Kano ta yi suna har Arewacin Afirka. Kuma cikin goma sha ɗayan babu mace ko ɗaya, duk da an ce mata na zuwa bikin tare da maza. Wannan giɓi ba hujja ba ce cewa mata ba su da tasiri. Hujja ce cewa wanda ya riƙe alƙalami bai waiwaye su ba. 'Yan uwa mata marubuta, ga fili nan an bar muku.

Akwai kuma wani abu. Yawancin muƙaman nan, irin su Sarkin Samari da Sarkin Ruwa da Sarkin Makafi, sanannu ne a ƙasar Hausa a zamanin da aka rubuta littafin, wasu har gobe. Mai yiwuwa ne jerin yana yi wa gidajen da ke riƙe da su shaidar asali, wato yana cewa mu nan aka same mu, mun riga sarauta zuwa. Tarihi kan yi irin wannan aiki, kuma garin da ka ƙaga ma ya kamata a sami masu jayayya kan wa ya riga wa.

Da baƙi suka zo

An ce Barbushe ya gaya wa mutanensa cewa wani zai zo da runduna ya mallake su, in ba a zamaninsu ba to a zamanin 'ya'yansu, kuma babu abin yi sai haƙuri. Da Bagauda ya iso, 'yan kaɗan ne suka rage cikin manyan Barbushe. Ɗaya daga cikinsu, Jambere, ya yi gargaɗi kada a bar baƙin su shigo, jama'a suka raina ƙarfin Bagauda suka ƙi ji. Bagauda ma bai zauna a Dala ba, a Sheme ya yi zamansa.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Jikan Bagauda, Gijimasu, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, shi ya fara ginin ganuwa bayan ya shawarci jama'a sun yarda, aka yanka shanu 100 a ranar farko ta aikin, aka yi ƙofofi takwas. Ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki, shi ya kammala. Ganuwar ta kewaye Dala, dutsen ya koma cikin birni. Amma wurin bautar Tsumburbura ya ci gaba da zama a hannun mutanen da, sarakuna suna neman asirinsa ana hana su. A zamanin Shekarau ma sulhu aka yi, suka kai masa kyautai ya bar su da al'adarsu. Sai a zamanin Tsamiya, 1307 zuwa 1343, aka fasa wurin da ƙarfi. In muka bi lissafin Palmer, shekaru wajen 300 ke nan ana zaune da iko biyu a gari ɗaya: mai doki da mashi a gefe, mai asirin ƙasa a gefe. A fim, baƙo kan ci gari cikin dare ɗaya. A tarihi kuwa kaka ke farawa, tattaɓa-kunne ya ƙarasa.

Sannan aka sake sabon zubi. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, littafin ya ce Wangarawa suka zo daga Mali su wajen 40 ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, suka kawo Musulunci fada. Nan ma jerin ayyuka aka ba mu: Gurdamus limamin sarki, Lawal ladan, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, Zaite alƙali. Wani tsohon rubutu na Wangarawan kansu ya sa zuwan Zaite a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano. Ko wanne aka ɗauka, ku jera jerin biyu kusa da juna. Na farko maƙeri da mai giya da mai gadi. Na biyu liman da ladan da alƙali. Kujerun da muka ce babu su a zamanin Barbushe, ga su sun bayyana. Tarihin gari yana cikin jerin muƙamansa: wanne aka ƙara, wanne ya mutu, wanne ya sauya suna ya rayu. Har yau akwai unguwar Mandawari da Zaitawa a cikin birnin Kano.

Ba Dala kaɗai ba

Wanda ya taso daga nan Sakkwato zuwa Kano ta Gusau, zai wuce ta gindin Dutsen Kwatarkwashi, wani tsohon mazaunin Maguzawa mai nasa bukukuwa da sarautu. A yankinsa ne dakarun Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka gwabza da sojan Turawa a Fabrairun 1903, Wazirin ya yi shahada. Mu kanmu a kan tudu Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, daga baya ya gina ribaɗin Wurno a kan wani tudun da ke kallon fadamar Rima, inda ya rasu a 1837. Dalilin Bello daban da na Barbushe, amma lissafin tudu da ruwa da tsaro bai canza ba. Wanda kuma ke son garin tsauni na sosai, ya nemi labarin Sukur a duwatsun Mandara, ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa. Can akwai fadar sarkinsu da ake kira Hidi, da gonaki hawa-hawa a jikin dutse, da hanyoyi da aka shimfiɗe da duwatsu, da tsohuwar sana'ar narka ƙarfe. A 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya.

Na mayar wa ƙanen nan nawa da rubutunsa, na ce kada ya taɓa sarkin da gimbiyar tukuna. Ya je ya rubuto mini mutum goma sha ɗaya da garin ba zai kwana lafiya ba in babu su, da aikin kowanne, da wanda kowanne ke jin haushi. Bayan kwana biyar ya dawo. Cikin waɗanda ya kawo har da wata tsohuwa mai riƙe da makullin rijiya ɗaya tilo da ke saman tsaunin, kuma ya ce yanzu ya rasa yadda zai yi, domin tsohuwar ta fi sarkin ƙarfi. Na ce masa to yanzu ka fara labari.

Aikinmu na wannan mako ke nan. Kowa ya ɗauki garin da yake ginawa a labarinsa, ko na ƙage ko na gaske, ya kawo mana nasa goma sha ɗayan. A faɗi abin da ya tara mutanen a wurin, da kujerar da babu ita tukuna, da baƙon da ke tafe. Waɗanda ke Kano kuma, in hali ya yi ku hau Dala da yamma ku dubi Goron Dutse, ku auna tazarar da Gunzago zai taka zuwa biki.

Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure a gyara mini. Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.

Daga Gidan Igwai, Sakkwato.